Garau A Kwali, Dishi-Dishi A Talabijin: Wa Ke Cutar Wa?

Mai karatu, ka yi mani afuwa, a wannan watan ba zan yi sharhin fim ko ɗaya ba. Akwai abin da ya tsaya mani a maƙoshi tun bayan girbi, in ban amayar da shi ba ba zan samu sukuni ba. Maganar na'urar kallon faifai ce, wadda kowa ke kira DVD ko da kuwa ba DVD ba ce, da irin cutar da ake yi wa mutanenmu da haruffa biyu kacal, wato HD.

Ga yadda abin ya faro. Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, manomi ne a wani ƙauye ta wajen Kusada. Allah ya kawo lokacin aurar da ɗiyarsa ta fari. Bawan Allah ya fidda wake buhu-buhu ya sayar, ya tari mota a Gidan Mutum Ɗaya ya nufi Kano, don kada a ce ɗakin ɗiyarsa ya kasa na sauran. Ya sayi talabijin ta bango mai inci 43. Sannan ya ce wa mai shagon ya haɗa masa da na'urar kallo "ta yayi, wadda ake gani garau". Aka miƙo masa wani kwali mai ƙyalli, an rubuce shi tsaf da Blu-ray, 4K, Full HD, EVD, har da 3D. Ya biya, ya yi godiya, har da sa albarka.

Ba a yi sati uku da biki ba sai ga shi a gidanmu a Kankiya, na'ura a cikin buhu.

"Kai ɗana, ku ne 'yan boko masu rubutu a kan fim. Duba mani wannan abu, mi ya same shi? Yaran sun ce tsohuwar talabijin ɗinmu mai ƙeya ta fi shi nuna mutane."

Na ce, "Kawu, zauna ka sha ruwa tukuna."

Ina da faifan Blu-ray na gaske guda huɗu da na tsinta a wajen masu kayan gwanjo. Na ɗauko ɗaya na saka. Na'ura ta yi ƙugi, ta yi ƙugi, ta rubuto "No Disc". Na saka na biyu, haka. Na saka faifan DVD, nan take ta kama. Na dubi Kawu na rasa ta inda zan fara. Abin da ya saya DVD ce zalla, irin wadda ake sayarwa tun ina firamare, an sauya mata riga kawai.

Ya yi shiru, can ya ce, "To ai da bakinsa ya rantse mani."

Wannan rantsuwar ce ta sa na ɗauki biro.

Lissafin da ba a son mu sani

Jama'a, hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne aka jera. Yawan ɗigon shi ne kyan hoton. Faifan VCD, wanda aka ƙirƙiro a 1993, wanda kuma da shi muka tashi, yana da ɗigo 352 a kwance, 288 a tsaye. In ka buga lissafi, 101,376 ke nan. DVD, da ta fara fita a Japan a 1996, tana da 720 sau 576, wato 414,720. Blu-ray kuwa, da ta shigo kasuwa a 2006, tana da 1,920 sau 1,080, wato 2,073,600. Ka ga ta ninka DVD sau 5, ta ninka VCD sau 20. Wannan shi ake kira HD. Akwai kuma yayarta da ta fito a 2016, mai 3,840 sau 2,160, ita ce 4K ta gaskiya.

Me ya sa na'urar DVD ba za ta taɓa karanta Blu-ray ba? Saboda ido. A cikin kowace na'ura akwai ɗan ido mai harba haske siriri a kan faifai yana karanto abin da aka rubuta. Idon DVD jan haske yake fitarwa. Na Blu-ray shuɗi ne, ya fi na DVD tsini nesa ba kusa ba, shi ya sa ake iya cusa masa rubutu ƙanana. Faifan DVD mai hawa ɗaya gigabayit 4.7 yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5. Na Blu-ray 25 ne, mai hawa biyu 50. Jan ido ba ya ganin rubutun shuɗi, ko da kuwa an rubuta Blu-ray sau goma a jikin kwali.

To mene ne wannan "Full HD" da suke maƙalawa? Dabara ce. Na'urar tana ɗaukar ɗigo 414,720 ɗin nan na DVD ta shimfiɗa su su cika allon da ke neman miliyan 2. Kamar a ba ka fura dunƙule ɗaya ka dama ta da ruwa har ta cika babbar ƙwarya. Ƙwarya dai ta cika, amma wanda ya sha ya san abin da ya sha. EVD kuma wani tsari ne da ƙasar Sin ta fito da shi a 2003 don ta huta da biyan kuɗin lasisin DVD. Bai karɓu ba, sai sunan ya rage ana liƙa shi a jikin ƙananan na'urori don ya cika ido.

Yaran da suka ce tsohuwar talabijin ta fi, gaskiya suka faɗa. Allon inci 14 ko 21 yana rufa wa faifai asiri. Na inci 43 kuwa tonon silili yake yi, duk wani dishi-dishi sai ya baje shi a fili. Balle a ce faifan irin mai finafinai 20 ne a ciki. Raba gigabayit 4.7 gida 20 ka gani: kowane fim bai wuce megabayit 235 ba. Fim guda da a da yake cin faifan VCD biyu, an matse shi a ƙasa da rabin faifai ɗaya. Ina hoto zai fito? Ko na'urar da ta fi kowace tsada a duniya ka saka shi, fuskar jarumi sai ta koma kamar an zana ta da gawayi a jikin bango.

Laifin wa?

Na farko dai na 'yan kasuwa ne, kuma ba zan ɓoye ba. Ba dukansu ba, akwai masu tsoron Allah da za su gaya maka gaskiya ko da za su rasa ciniki. Amma wanda ya ga dattijo da rawaninsa ya taso tun daga ƙauye, ya san bai iya karanta abin da ke jikin kwali ba, ya danƙara masa DVD a kuɗin Blu-ray har da rantsuwa, wannan me za a kira shi? In kuma ya ce shi ma bai sani ba, to me ya zaunar da shi a shago yana sayar da abin da bai sani ba? Mai sayar da shanu a kara ya san haƙoran sa. Mai atamfa ya san mai zuba da marar zuba. Sai mai kayan lantarki ne za a yafe wa jahilci?

Na biyu namu ne, mu masu saye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mun mayar da kayan kallo abin gasa a ɗakin amarya. Ba a tambayar wane faifai za a saka, ana dai so 'yan ganin ɗaki su ga kwali mai ƙyalli. Kuma muna jin kunyar cewa "a gwada mani". Mutum zai yi awa guda yana taya akuya, yana duba ƙafa yana duba ido, amma na'ura sai ya yi mata cinikin biri a sama, a ɗaure kwali da igiya ya saɓa ya tafi. Haba jama'a!

In har sai ka saya

Tambayar farko da za ka yi wa kanka kafin ka taɓa aljihu: ina da faifan Blu-ray, ko na san inda zan same shi? In amsar a'a ce, ka riƙe kuɗinka. In faya-fayanka na Hausa ne da na Indiya-Hausa irin waɗanda muka tara a da, DVD mai kyau mai kafar HDMI ta ishe ka, kuma ka biya kuɗin DVD. Wani abin da mutane ba su sani ba ma shi ne, na'urorin Blu-ray da yawa ba sa karanta VCD sam. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago: ka sayi mai tsada, ta ƙi tsofaffin finafinan da don su ka saye ta.

In kuwa kana da faya-fayan, ko kana da mai kawo maka, to ga abin da za ka kula da shi.

Ka tafi shago da faifanka na Blu-ray a aljihu, da DVD ɗaya, da VCD ɗaya. A saka su ɗaya bayan ɗaya a gabanka, kowane ya yi kamar minti 10 yana tafiya. Gani ya kori ji. Mai shagon da ya ce babu wuta, ko ba a buɗe kwali, ka yi masa sallama. Ka kuma duba sunan kamfanin harafi bayan harafi, don akwai masu sauya harafi ɗaya a sunan babban kamfani.

Ka san kuma sababbi sun yi ƙaranci. Oppo ta daina ƙerawa a 2018. Samsung ta daina fitar da sababbi a Amurka a 2019. LG ta bi sahu a ƙarshen 2024. Saboda haka yawancin na gaske da za ka gani a nan na hannu ne, na gwanjo, irin su Sony da Panasonic da tsofaffin Samsung da LG. Ba aibi ba ne, in dai an gwada. Ka tabbata akwai rimot ɗinta na asali, don rabin saitin na'urar ba ya taɓuwa sai da shi. Masu PlayStation 3 da 4 kuma ku sani kuna da na'urar Blu-ray a gida, sai dai suna shan wuta fiye da na'urar kallo zalla, kuma ba sa karanta VCD.

Ka juya bayanta ka karanta maganar wuta. Wutarmu a Nijeriya bolt 230 ce. Ta Amurka 120. In an rubuta 120 kaɗai ka soka ta kai tsaye, ƙara ɗaya za ka ji da ƙauri, shi ke nan an gama. Ka nemi mai 220 zuwa 240, ko mai 110 zuwa 240.

Sai maganar shiyya, wadda ta fi rikita mutane. Kamfanonin fim sun raba duniya gida-gida don faifan wata ƙasa ya ƙi aiki a wata. A tsarin Blu-ray gida uku ne: A ta ƙunshi Amurka da Japan da Koriya, B ta ƙunshi Afirka da Turai da ƙasashen Larabawa, C kuma Indiya da Sin da Rasha. Mu 'yan B ne. Don haka na'urar da aka kawo daga Ingila ko Dubai ko Saudiyya za ta yi daidai da faifan B. A tsarin DVD kuwa lamba ake bi: Amurka 1, Turai da ƙasashen Larabawa 2, mu da Indiya 5. Masoya finafinan Indiya ku lura da kyau: a DVD shiyyarmu ɗaya da su, a Blu-ray mun rabu. Sa'ar da aka yi, faya-fayan Indiya da yawa ba a kulle suke ba. Ka duba bayan kwalin faifan, in ka ga A da B da C tare, ko'ina zai yi.

Na ƙarshe, talabijin ɗinka. Tun daga 2014 ƙa'idar masu Blu-ray ta hana sababbin na'urori fitar da hoton faifan ta wayar nan mai kai ruwan ɗorawa. Sai HDMI. In talabijin ɗinka mai ƙeya ce, babu inda za ka soka. Kuma kada wani ya ruɗe ka da wayar HDMI mai "bakin zinare" a ninkin kuɗi. A tsawon mita ɗaya ko biyu, waya mai lafiya duk hoto ɗaya take bayarwa.

In ta fara gardama

Kafin ka kwashe ta zuwa wajen mai gyara, ka gwada waɗannan.

In ta ce babu faifai alhali akwai, fara da faifan. Ka goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, a miƙe, kada ka bi shi zagaye. Kada ka shafa masa man goge baki ko fetur kamar yadda wasu ke yi. Rubutun Blu-ray yana ƙasa da fatar faifan da kashi ɗaya cikin goma na milimita kacal, in ka kankare ka gama da shi. In faifai uku sun ƙi, to ido ne ya yi ƙura. Mu da muke cikin hunturu wata uku zuwa huɗu, ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. A zare wuta, a buɗe, a shafi idon a hankali da audugar kunne mai ɗan danshin sifirit. In ba ka saba ba ka kai wa wanda ya saba.

In tana karanta DVD amma ta ƙi Blu-ray, ko akasin haka, to ka tuna haske biyu ne a ciki, ja da shuɗi, ɗaya na iya mutuwa ya bar ɗaya. Nan sai canjin ido. Wasu masu gyara za su ce za su "ƙara wa idon wuta". Zai yi aiki na ɗan lokaci, sannan ya ƙone gaba ɗaya. Ka tambayi abin da za a yi mata kafin ka bar ta.

In tiren ya ƙi fitowa kana jin injin yana juyi, yawanci 'yar roba ce ta saki saboda zafi. Kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba. Kada a ce maka injin ne.

In akwai wuta babu hoto, kashe duka biyun, zare wayar HDMI, mayar, kunna talabijin tukuna sannan na'urar. Su biyun sai sun gaisa sun gane juna kafin hoto ya fito, wani lokaci gaisuwar ce ke sarƙewa. In ya ƙi, sauya kafa ko sauya waya. In hoto ya fito fari da baƙi yana birgima, rikicin PAL da NTSC ne. Mu PAL muke bi, Amurka NTSC, sai a shiga saiti a daidaita.

In akwai hoto babu sauti, shiga saitin sauti ka mayar da shi PCM, don talabijin da yawa ba sa gane sautin silima da faifan ke turowa. Amma in sauti yana tafiya lafiya, sai bayan kamar minti 20 ya ɗauke, rubutu ya fito a allo, to na'urarka lafiyarta ƙalau. Wani tarko ne mai suna Cinavia da aka wajabta sakawa a na'urorin Blu-ray tun 2012. Yana gane faifan sata ta wata alama da aka ɓoye cikin sautin fim. Mai gyara ba shi da maganin wannan. Wanda ya sayar maka da faifan za ka nema.

In filashi ka soka ta ƙi ganin fim, ko dai fim ɗin ya wuce gigabayit 4 a filashin da aka tsara da FAT32, ko kuwa an matse shi da sabon tsarin nan H.265 da tsofaffin na'urori ba su sani ba. Ka gaya wa mai tura maka ya ba ka H.264.

Sauran kuma rigakafi ne. Ka zare soket in an ɗauke wuta, don dawowarta ce ke kisa. Ka sa sitabilaiza, amma kada ka ɗora na'urar a kanta. Kada ka jona ta a janareta sai ya daidaita. Amare, ƙyallen adon nan da ake lulluɓa mata, a cire shi in tana aiki, a mayar in an kashe. A kuma kula da kyankyasai, suna son ɗumin cikinta. Intanet kuwa, a jona ta in sabon faifai ya nemi a sabunta mata manhaja, in an gama a cire. A watan Yuni na 2020 na'urorin Blu-ray na Samsung masu yawa a faɗin duniya suka kama kunna kansu suna kashewa ba tsayawa, saboda wani ɗan fayil da suka janyo ta intanet. Waɗanda ba a jona ba suka tsira.

"Wa ke kallon faifai yanzu?"

Na san abin da abokaina 'yan zamani za su ce, don sun sha gaya mani a majalisa: "Malam, kai fa ka tsufa tun ba ka yi aure ba. Ga YouTube, ga Arewa24, ga masu turawa a kowane lungu, wa ke ta faifai?" Ban musa ba. Ni ma a waya na kalli "Izzar So" da "Labarina". Netflix da kanta ta rufe sashenta na aika faifai gida-gida a Satumbar 2023. Ga mafi yawan mutane, filashi a bayan talabijin ya fi sauƙi, ya fi araha.

Amma ina da tambaya. Abin da ke YouTube naka ne? Ranar da mai tashar ya goge, ko aka rufe tashar, ina za ka same shi? Mun manta da Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Dutsinma da ke nan kusa da mu? Watanni mutane suka yi babu ko kira, balle kallo. Wanda ke da faifai a akwati shi ya ci gaba da kallonsa. Ga tsadar data: a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, kuma kallon HD na gaske ta intanet yana iya lashe gigabayit 3 a awa guda. Shi ya sa kowa ke rage ingancin hoto don data ta kai shi. Ashe mun sayi talabijin mai ɗigo miliyan 2 muna ciyar da ita abincin VCD. Mun canza hanya ne kawai, dishi-dishin yana nan.

Ku kuma 'yan fim

Nan ne inda abin ya fi yi mani ciwo, kuma laifi na uku ke nan. Wane fim ɗin Hausa ne Kawu zai saka a na'urar Blu-ray ko da ta gaske aka ba shi? Ni dai duk yawon da na yi a shagunan faifai na Katsina da Kano, har Ƙofar Wambai da Bata, hannuna bai taɓa riƙe fim ɗinmu a kan Blu-ray ba. Wanda yake da shi ya kawo, zan ba shi haƙuri a wannan shafin.

Finafinan farko ba su da laifi. "Turmin Danya" na 1990 da kyamarar kaset aka ɗauke shi, haka zamanin ya ba su. "Sangaya" na 1999 da "Wasila" na 2000 a kaset mutane suka san su. Amma daga baya fa? An zo an sayi kyamarori masu ɗaukar HD, ana tallar fim ana cewa an yi shi da na'urar zamani, sannan a matse shi a faifai mai araha a kai kasuwa. Ina asalin aikin yake? A wace ma'ajiya? Nawa ne suka tafi tare da kwamfutar da ta lalace, ko aka goge don a samu wurin sabon aiki? Ko faya-fayan da muka saya, da yawansu na ƙonawa ne, masu bayan nan ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi, waɗanda zafi da rana ke cinye rubutunsu a hankali. Kaset kuwa, kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo, Funai na Japan, ya daina tun 2016. Duk kaset ɗin da ba a juye ba yana kan hanyar zama shara.

Ku dubi "Shaihu Umar", wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru da dama ana ɗauka ya ɓace. A 2016 aka gano asalinsa a ma'ajiyar finafinai ta ƙasa, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Ya tsira ne saboda wani ya ajiye asalin. Shin sai mun jira Jamusawa sun zo sun nemo mana "Sangaya"? In sun zo ma, me za su tarar?

Ina kira ga MOPPAN da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda tun 2001 finafinai ke bi ta hannunta, da manyan furodusoshi: a kafa ma'ajiya, a wajabta ajiye asalin kowane fim a cikakken ingancinsa, kwafi biyu a wuri biyu. A nemo tsofaffin kaset a juye su tun ana samun na'urar juyewa. A zaɓi ko guda 20 ne cikin fitattu a fitar da su a faifai mai inganci, da kwali mai kyau da tarihin fim ɗin a ciki, don makarantu da ɗakunan karatu da irinmu masu son ajiya. Marubuta littattafai sun fi ku dabara a nan: "In Da So Da Ƙauna" yana nan a akwatunan iyayenmu mata, ana buɗewa a karanta ba wuta ba data. Fim ɗinsa fa, a ina yaro ɗan Kusada zai gan shi garau?

Kawu dai bai koma Kano ba. Ya lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, ga shi babu rasit, ya ce ya bar wa Allah. Na goge wa na'urar ido, na jona ta da HDMI maimakon wayar da suka saka, na haɗa wa amarya faya-fayan DVD masu fim ɗaya-ɗaya daga cikin nawa. Hoto ya ɗan gyaru. Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Ɗana, rubuta wannan a takardar taku, kada a yi wa wani."

To Kawu, na rubuta. Saura masu shago su ji tsoron Allah, masu saye su riƙa cewa a gwada, 'yan fim kuma su je su duba akwatunansu tun kafin gara ta riga su. Wanda yake ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, ya aiko da martani.

Allah ya sa mu dace.